Tallafin raya fasaha daga ƙasashen waje: Yadda yake aiki da abin da ke hana masu fasahar Arewa cin gajiyarsa

A kowace shekara, cibiyoyin raya al'adu na ƙasashen Turai da wasu gidauniyoyi masu zaman kansu sukan fitar da sanarwar neman masu fasaha da za su ba tallafin kuɗi domin su yi aiki tare da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Marubuta da mawaƙa da masu shirya fina-finai da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo duk suna cikin waɗanda ake gayyata. Najeriya kan shiga jerin ƙasashen da suka cancanta a da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye, amma idan aka bayyana sunayen waɗanda suka yi nasara, galibi Legas ake gani, sai Abuja jefi-jefi. Kano da Kaduna da Sakkwato da Katsina, duk da tarin marubuta da makaɗa da 'yan fim da Allah Ya albarkace su da su, ba kasafai ake jin ɗuriyarsu ba.

Dalilan wannan giɓi suna cikin yadda aka tsara tallafin da kuma yadda ake neman sa. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kyauta zai sha mamaki, domin yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu waɗanda ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, kuma kowane ɓangare akwai abin da yake nema.

Tallafi, rance da lambar yabo

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Kuɗin da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka ware wa masana'antun ƙirƙira a shekarar 2019 rance ne da ake biya da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Dala 100,000 da kamfanin iskar gas na NLNG ke bai wa gwarzon gasarsa ta adabi kuwa lambar yabo ce, ana bayar da ita bayan an gama aiki an wallafa shi, kuma mai ita yana da 'yancin kashe ta yadda ya ga dama. Tallafi ya bambanta da duka biyun. Ba a mayar da shi, amma tun kafin a yi aikin ake bayar da shi, a kan alkawarin cewa za a yi wani abu takamaimai, cikin ƙayyadadden lokaci, da ƙayyadadden kuɗi.

Tsarin ɗaukar nauyin mai fasaha ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun rayu ne a inuwar sarakuna, ana ba su doki da riga da hatsi, su kuma suna biyan ubangida da waƙa. Inda aka rabu shi ne, ubangida ba ya tambayar rasit, kuma zumuncinsa da makaɗinsa na iya kaiwa har 'ya'ya da jikoki. Gidauniyar zamani kuwa da takarda take magana. Idan wa'adin aikin ya cika aka miƙa rahoto, hulɗar ta ƙare sai in an sake nema.

Tallafin haɗin gwiwa yana da ƙarin sharaɗi guda: dole aikin ya haɗa aƙalla ɓangarori biyu daga ƙasashe biyu, kuma kowane ya kasance yana da hannu a ƙirƙirar, tun daga tunani har zuwa gabatarwa. Gayyatar mawaƙi ya je ya yi wasa a wani biki ya dawo ba ta cika wannan sharaɗi. Abin da ake so shi ne sabon aiki da ɓangare ɗaya ba zai iya samarwa shi kaɗai ba.

Su wane ne ke bayarwa?

Cibiyar British Council ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1934 kuma ta daɗe da ofishi a Kano, tana cikin waɗanda aka fi sani. A 2021 ta ƙaddamar da shirin International Collaboration Grants da fam miliyan 3.5, inda kowane aiki zai iya samun daga fam 5,000 zuwa fam 75,000, bisa sharaɗin a samu abokin aiki ɗaya a Birtaniya da wani a ɗaya daga ƙasashen da aka lissafa. Tana kuma da ƙaramin shiri mai suna Connections Through Culture, wanda ya fi ƙarfi a nahiyar Asiya, da ke bayar da tallafi domin fara ƙulla hulɗa. Jerin ƙasashen da suka cancanta kan sauya daga zango zuwa zango, don haka shi ne abin da mai nema zai fara dubawa kafin ya ɓata lokacinsa.

Jamus tana aiki ta hannun Goethe-Institut, wadda ke Legas tun 1962. A 2016 ta buɗe asusun haɗin gwiwar shirya kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, wanda ya fara da bayar da har yuro 25,000 ga aikin da ya haɗa masu fasahar Jamus da na wata ƙasa. Faransa kuma tana da Institut français da rassan Alliance Française, ciki har da na Kano.

A Holan akwai Asusun Yarima Claus da aka kafa a 1996. A 1998 babbar lambarsa ta tafi ga masu tsara tufafi uku na Afirka, ciki har da Alphadi na Nijar, wanda a shekarar ce ya fara bikin nuna tufafi na FIMA a hamadar yankin Agadas. Daga 2021 asusun ya riƙa zaɓar matasan masu fasaha 100 a shekara yana ba kowane yuro 5,000, ba tare da sharaɗin abokin aiki na waje ba.

Hukumar UNESCO tana da Asusun Bambancin Al'adu na Duniya, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar 2005 kan kare hanyoyin bayyana al'adu, kuma Najeriya da Nijar duk sun amince da ita. Asusun ya fara aiki a 2010, yana bayar da har dala 100,000, amma ya fi karkata ga ayyukan gina tsari, kamar horarwa da tsara manufofi da buɗe kasuwa. Ana nema da Turanci ko Faransanci, kuma hukumar UNESCO ta ƙasar mai nema ce ke fara tacewa kafin a aika hedikwata.

Masu fim suna da nasu ƙofofin: Asusun Hubert Bals na bikin fina-finai na Rotterdam, da World Cinema Fund da bikin Berlinale na Jamus ya kafa a 2004, da IDFA Bertha na fina-finan gaskiya waɗanda ba ƙagaggu ba, da kuma asusun Faransa na Aide aux cinémas du monde da ya fara a 2012, wanda ke buƙatar kamfanin Faransa a cikin masu shirya fim ɗin.

Darasi daga Damagaram

Misali mafi kusa da Bahaushe na yadda wannan tsari ke aiki idan ya yi kyau shi ne fim ɗin *Zinder* na Aïcha Macky, 'yar asalin Damagaram, wanda ya fito a 2021. Fim ne na gaskiya da aka ɗauka a unguwar Kara-Kara, wadda tun asali matsugunin kutare da waɗanda al'umma ta ware ce, ya bi rayuwar matasan ƙungiyoyin da ake kira fale, da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya. Da Hausa mutanen fim ɗin ke magana, Hausar unguwa da ba a yi mata kwalliya ba.

An shirya shi ne da haɗin gwiwar kamfanin Aïcha da ke Nijar da wasu kamfanoni na Faransa da Jamus, a ƙarƙashin shirin Generation Africa na ƙungiyar STEPS ta Afirka ta Kudu, wanda ya samar da fina-finai 25 daga ƙasashen Afirka 16. An fara nuna shi a bikin Visions du Réel a Siwizalan, tashar Arte ta Faransa da Jamus kuma ta watsa shi.

Abubuwa uku suka fito fili a nan. Na farko, kuɗin bai fito daga aljihu ɗaya ba, an harhaɗa shi ne daga tashoshin talabijin da gidauniyoyi da hukumomi, kuma haka yawancin manyan ayyuka suke samuwa. Na biyu, mai fim ɗin ta shiga haɗin gwiwar da kamfaninta na kanta, wato a matsayin mai rabo a cikin aikin. Na uku, ba da wannan fim ta fara ba. Ta yi karatun fim a Jami'ar Gaston Berger ta Sanigal, kuma fim ɗinta na 2016 kan matsalar rashin haihuwa ya riga ya ci lambar yabo ta fina-finan Afirka ta AMAA. Masu tantancewa sun ga sawun da ta bari kafin su amince mata da babban aiki.

Me mai bayarwa ke samu?

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗannan cibiyoyi daga ma'aikatun harkokin waje ko na raya ƙasashe masu tasowa suke samun wani kaso na kuɗinsu, kuma ba sa ɓoye cewa aikinsu shi ne samar wa ƙasashensu abokai da farin jini. Sharaɗin abokin aiki daga ƙasar mai bayarwa yana kuma tabbatar da cewa wani ɓangare na kuɗin ya koma ga masu fasaharta, sannan masu kallonta sun samu sabon abin kallo. Babu laifi a cikin haka muddin kowa ya san inda ya dosa.

Tarihi dai ya nuna cewa ba kullum ake faɗin inda aka dosa ba. Ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, wadda ta tattara su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J.P. Clark, ta samu tallafi daga wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom. Ita ce kuma ta ɗauki nauyin taron marubutan Afirka na Makerere a Yuganda a 1962. Tsakanin 1966 da 1967 jaridun Amurka suka bankaɗo cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ce ke zuba wa ƙungiyar kuɗi a ɓoye, a wani ɓangare na yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyat. Ayyukan adabin da aka samar sun ci gaba da zama masu daraja, amma darasin tambayar asalin kuɗi ya zauna.

A Arewa ma akwai misali. Tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access, da manufar rage tasirin tsattsauran ra'ayi. Daga nan aka samu *Daɗin Kowa*, wanda ya sauya yadda ake shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango da Hausa, daga baya kuma tashar ta koma ta kasuwanci. Manufar mai bayarwa da amfanin masu kallo sun haɗu a wuri ɗaya, kuma ba a ɓoye tushen kuɗin ba.

Haɗarin da ke tattare da wannan alaƙa da siyasa ya bayyana a Satumban 2023. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli na shekarar, hukumomin al'adu na Faransa sun aika wa gidajen wasa da masu shirya bukukuwa umarnin su dakatar da duk wata hulɗa da gayyata ga masu fasahar Mali da Burkina Faso da Nijar. Ƙungiyoyin masu fasahar Faransa sun yi ca a kan matakin, gwamnati ta fito ta ce ba ƙaurace wa kowa take yi ba, amma ta tabbatar da cewa ba a bayar da sabuwar biza a ƙasashen uku. A 2024 cibiyar al'adu ta Jean Rouch da ke Yamai ta daina zama ta haɗin gwiwar ƙasashen biyu, aka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, ɗaya daga magabatan fim a Nijar. Mawaƙin da ya shekara yana shirin tafiya bai yi juyin mulki ba, amma shi ya fara ɗanɗana kuɗar rikicin.

Daga sanarwa zuwa rahoto

Matakan neman tallafi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana fitar da sanarwa a intanet, a ba da makonni kaɗan. Mai nema zai cike fom da ke tambayar abin da za a yi, da wanda za a yi da shi, da dalilin da ya sa sai an haɗa hannu, da waɗanda za su kalla ko su karanta, da jadawalin aiki. Zai haɗa da samfurin ayyukansa na baya da wasiƙar amincewar abokin aiki.

Kasafi shi ne inda da yawa ke faɗuwa. Masu tantancewa suna so su ga kuɗin aikin kowane mai fasaha, da na tafiya da masauki da biza da inshora, da hayar kayan aiki, da fassara, da ɗan abin da aka ajiye na ko-ta-kwana. Masu fasahar da suka saba da tunanin cewa neman lada a kan fasaha abin kunya ne sukan manta su sa wa kansu komai, alhali masu bayarwa da dama suna ɗaukar rashin biyan mai fasaha a matsayin aibi a cikin takardar. Wasu asusun kuma ba sa biyan duka kuɗin aikin, sai mai nema ya nuna inda zai samo ragowar.

Akwai kuma sharuɗɗan da ba na fasaha ba. Cibiyoyi irin su British Council suna tambayar yadda za a kare yara idan aikin ya shafe su, da yadda masu buƙata ta musamman za su samu damar shiga, da yadda za a rage illa ga muhalli. Mai nema ya karanta waɗannan da idon basira, ya auna su da aƙidarsa da dokokin jiharsa, musamman a Kano inda Hukumar Tace Fina-finai ke da iko a kan abin da za a nuna wa jama'a. Idan akwai abin da ba zai iya cikawa ba, gara ya haƙura tun kafin sa hannu.

Wanda ya yi nasara ba ya karɓar kuɗin gaba ɗaya. Akan biya kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an kawo rahoton aiki da na kuɗi tare da rasit. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karkatar da kuɗin zuwa abin da ba a amince ba ana iya neman ya mayar, kuma labarinsa kan isa sauran masu bayarwa.

Shingayen da ke gaban mai fasahar Hausa

Shinge na farko harshe ne. Marubuciyar da ta wallafa littattafai talatin da Hausa, ko makaɗin da ya cika fili da jama'a, za a auna su ne da sakin layi biyar na Turancin ofis. Masu tantancewa kuma ba su jin Hausa, don haka samfurin aikin da ba a fassara ba tamkar babu shi ne. Littafin *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu ya daɗe a hannun masu karatun Hausa, amma sai da Aliyu Kamal ya fassara shi, kamfanin Blaft na Indiya ya wallafa a 2012, sannan masu karatu a waje suka san da zamansa.

Na biyu takardu ne. Manyan tallafi ƙungiyoyi ake ba, don haka ana neman rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, da lambar biyan haraji, da asusun banki da sunan ƙungiyar, wani lokaci har da bayanan kuɗi na shekarun baya da akanta ya tantance. Ƙungiyoyi masu zaman kansu a Najeriya kuma sukan buƙaci takardar shaidar SCUML, sashen da ke yaƙi da halasta kuɗin haram a ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya buɗe musu asusu. Ƙungiyoyin marubuta da na 'yan wasa da yawa a Arewa sun shekara suna aiki da amana da fahimtar juna, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Rajistar da aka fara bayan fitowar sanarwa da wuya ta kammala kafin a rufe.

Na uku abokin aiki ne. Haɗin gwiwar da aka ƙulla da saƙon imel mako biyu kafin rufe nema ana gane ta daga rubutun. Irin wannan sanayya a wuraren bukukuwa da tarurruka ake yin ta, kuma yawancinsu a Legas suke. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna, KABAFEST, da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa na HIBAF da ƙungiyar Open Arts ta fara a Kaduna a 2021, sun rage wannan tazara, domin sun kawo baƙi da masu wallafa inda masu fasahar suke.

Na huɗu tafiya ce. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar mai fasahar Najeriya a ɗaure take da biza. A 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya masu neman bizar Schengen ta shiga Turai ake hanawa, kuma yuro 90 na kuɗin nema ba a mayarwa. Wannan na faruwa ne duk da cewa sashe na 16 na yarjejeniyar UNESCO ta 2005 ya ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin sauƙaƙa wa masu fasahar ƙasashe masu tasowa zirga-zirga. Ta ɗaya ɓangaren kuma, gwamnatocin Turai suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa jihohin Arewa da dama, abin da ke sa kamfanonin inshora su janye, sai a mayar da aikin da aka tsara don Kano zuwa Abuja ko Legas.

Na biyar canjin kuɗi ne. Daga tsakiyar 2023, lokacin da aka saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a 2024. Kasafin da aka rubuta da naira watanni kafin a biya kuɗin yana iya zama tarihi kafin a fara aiki. Mai hikima yakan tambaya tun farko da wane kuɗi za a biya shi da kuma farashin da za a yi lissafi da shi.

Wa ya mallaki aikin?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita cikin murnar samun tallafi, kuma ita ce ta fi daɗewa tana ciwo. Idan makaɗin gurmi daga Zamfara ya yi faifai da wata ƙungiyar kiɗa ta Landan, wa ke da ainihin sautin da aka naɗa? Wa zai karɓi kuɗi idan aka sa waƙar a fim bayan shekara goma? Sunan wa zai fara fitowa? Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi cewa mayar da haƙƙi ga wani ba ya inganta sai a rubuce, ta kuma ba da kariya ga fasahohin gargajiya na al'umma. Amma doka ba ta ceton wanda ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba.

Kafin a fara aiki ya kamata ɓangarorin su rubuta tasu yarjejeniyar, ban da ta mai bayar da tallafi: wa ke riƙe da kuɗin, nawa ne rabon kowa, wa ke da ikon yanke hukuncin ƙarshe a kan aikin, da kuma inda za a nuna shi. A shirye-shiryen da ɓangaren Turai ke karɓar kuɗin ya rarraba, abokin aiki na Afirka na iya komawa ɗan kwangila ba tare da ya ankara ba. Ya kamata kuma a dage a kan nuna aikin a gida. Shirin Endangered Archives na Laburaren Birtaniya, wanda ke tallafa wa ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce tun 2004, yana da ƙa'idar da ta cancanci koyi: ainihin takardun ba sa barin ƙasarsu, kuma ana ajiye kwafi a wata cibiya ta ƙasar.

Aljihun masu bayarwa na tsukewa

Duk wannan na zuwa ne a lokacin da kuɗin ke raguwa. A Satumban 2023 Goethe-Institut ta sanar da rufe rassa tara domin rage kashe kuɗi. British Council tana fama da bashin fam miliyan 197 da ta karɓa daga gwamnatin Birtaniya lokacin annobar korona, kuma shugabanninta sun fito fili sun ce bashin na barazana ga ɗorewarta. A Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce za ta rage kuɗin agajin ƙasashen waje zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa daga 2027, a watan ne kuma gwamnatin Holan ta sanar cewa za ta daina saka ayyukan al'adu cikin abubuwan da kuɗin agajinta ke tallafawa. A Yulin 2025 Amurka ta sanar da sake ficewa daga UNESCO daga ƙarshen 2026. Masu nema na ƙaruwa, abin da ake nema na raguwa, kuma a irin wannan yanayi waɗanda ba a sani ba ne ke fara faɗuwa daga jeri.

Ina namu asusun?

Najeriya ta kafa dokar Asusun Tallafa wa Fasaha na Ƙasa tun 1991, bayan manufar al'adu ta 1988, amma fiye da shekara talatin masu fasaha na kiran a zuba masa kuɗi ya fara aiki. An yi shirin Project ACT Nollywood na naira biliyan 3 a 2013, wanda ya taɓa masu fim na ɗan lokaci ya wuce. Abin da ya fi yawa tun daga nan rance ne da jari, kamar shirin CANEX na bankin Afreximbank. Rance na da amfani ga kamfanin da ke sa ran riba, amma ba zai yi wa mai tattara waƙoƙin daka da na niƙa, ko mai fassara littafi, ko ƙungiyar wasan daɓe komai ba, domin aikinsu ba ya mayar da kuɗi cikin wata goma sha biyu.

Tarayyar Afirka ta buƙaci ƙasashenta su ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinsu ga fasaha da al'adu da kayan tarihi kafin 2030. Wasu masu fasahar nahiyar ba su tsaya jira ba. A 2018 aka kafa Asusun Al'adu na Afirka mai hedikwata a Bamako, ƙarƙashin jagorancin Mamou Daffé, inda fitattun masu zane irin su Abdoulaye Konaté suka riƙa ba da ayyukansu ana sayarwa ana zuba kuɗin a asusun. Ƙungiyar Art Moves Africa kuma tun 2005 take biya wa masu fasaha kuɗin tafiya tsakanin ƙasashen Afirka kawai.

Wannan hanya ta biyu ta fi dacewa da Bahaushe fiye da kowa. Marubucin Kano da ɗan wasan Maraɗi, ko mawaƙin Zangon Kumasi da makaɗin Garwa, ƙasashensu daban ne, don haka aikinsu tare haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ne, ga shi kuma ba sa buƙatar tafinta. Kuɗin da irin wannan aiki ke ci bai kai na tikitin jirgi biyu zuwa Turai da masauki ba, abin da gwamnatin jiha ɗaya ko attajiri ɗaya zai iya ɗauka. Abin da ya rage shi ne tsarin da ya sa tallafin waje ke da daraja: sanarwa a fili, kwamitin tantancewa da ba ya karɓar umarni daga ofishin kowa, bayyana sunayen waɗanda aka ba da adadin da aka ba su, da karɓar takardar nema da Hausa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai fasahar da ya zo teburin tattaunawa da wani kaso na kuɗin aikin daga gida shi ne ke iya cewa a'a idan aka kawo masa sharaɗin da bai gamshe shi ba.